Kwanakin da Yasmina Ba Ta Gida

Litinin, 5 ga Maris 2007, ƙarfe biyu na rana

Mis Darlene ta raba wa kowa kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta ce mu riƙa rubuta abin da ke ranmu, ba wanda zai karanta. Ban yarda ba, shi ya sa da Hausa zan rubuta. In ta iya, ta karanta.

Ita ke riƙe da ajinmu. Su gurup suke cewa, ni a wurina aji ne: kujeru tara a kewaye, Litinin, Laraba, Alhamis, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, har sati takwas. Ba a kwantar da mutum. A gidanka za ka kwana, ka zo da ƙafarka, ka koma da ƙafarka. Matar ofishin kula da yara ta ce in na gama sati takwas ɗin lafiya, za a zauna a duba maganar dawowar 'yata Yasmina. Za a duba. Ba ta ce za ta dawo ba.

Aka ce kowa ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Da aka zo kaina na ce, "Sunana Oumou, ciwon baya gare ni." Mis Darlene ta yi murmushi, ta ce to, mu fara daga nan. Tun yau na tsani murmushin nan.

Kuma ciwon bayan gare ni. Shekara tara ina tsaye a shagon kitso, wata rana awa goma a kan kai guda. Lokotoro ne ya rubuta mini maganin da hannunsa, a takarda mai tambari. Ba lungu na bi na nema ba.

Laraba, 7 ga Maris, ƙarfe ɗaya da rabi

Bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, ga jira a tashar cikin gari cikin sanyi. Motata tana ƙasa a ajiye, ina hango ta ta taga. Makullin yana aljihun Baban Yasmina, ya tafi da shi wurin aikinsa a sito.

Yau aka fara gwajin fitsari. Na ɗauka za a miƙo mini roba in shiga in rufe ƙofa. Ashe sai wata ta biyo ni ciki, ta tsaya tana kallo. Baƙar mace ce, za ta yi shekara hamsin, da tabarau rataye a wuya. Na tsuguna na kasa. Na ce a bakina, "Ya Allah, wannan wane irin wulaƙanci ne."

Sai ta ce, "Yi haƙuri, bi a hankali. Ko in buɗe miki famfo?"

Da Hausa.

Sunanta Jimmai, 'yar Jos ce, Kirista, shekararta sha biyu a garin nan. Duk faɗin Greensboro, duk asibitocin da ke cikinta, sai inda mai jin Hausa take aiki aka kawo ni. Na ce, "Kin san mutanenmu na Nijar?"

Ta ce, "Na san wasu. Amma abin da na gani a ɗakin nan, ba ya bi na gida."

Haka kowa ke faɗa.

Alhamis, 8 ga Maris, da yamma

Sati uku ke nan yau da abin ya faru. Ba na son Alhamis.

Asabar, 10 ga Maris, ƙarfe biyar

Mun je McLeansville. Yasmina tana can wurin Hajiya Kaltouma, yayar babanta. Ƙa'idar ofishi ita ce awa biyu ranar Asabar, kuma sai Hajiya tana wurin. Ni da na haife ta, sai an sa mini mai gadi.

Hajiya ta zauna a kujerar da ke fuskantarmu tana jan carbi. Idonta ne ya yi aikin. Na kai wa Yasmina fensiran kala, sai da na miƙa mata na tuna hannun dama ne ya ji ciwon. Har yanzu da bandeji, daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Ta karɓa da hagu, ta yi godiya da Turanci kamar ga baƙuwa.

Na tambaye ta makaranta, na ce, "Yaya lakwal?" Ta ce lafiya. Na ce, "Kina cin abinci?" Ta ce e. Na ce, "Hannun yana ciwo?" Ta kalli Hajiya kafin ta ce a'a.

Shekararta bakwai. Da, sai na ce mata ta yi shiru ta bar ni in ji kunnena.

An yi mata kitso, ba ni na yi ba. An ja mata gaban goshi da ƙarfi, har fatar ta yi ƙuraje. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna ni wace ce yanzu, na rufe.

Litinin, 12 ga Maris, ƙarfe biyu

Mutanen nan suna son kuka. Akwai wata tsohuwar Baturiya, Peggy, daga Irving Park take, inda gidaje suke kamar otel. Giya ce matsalarta. Ta zo da sarƙar lu'ulu'u, ta ba da labarin yadda take ɓoye kwalabe a injin wanki, tana faɗa tana share hawaye, sauran suna gyaɗa kai. Ni ina kallon agogo.

Mis Darlene ta ɗaga wata takarda mai zanen fuskoki, wannan na dariya, wannan na kuka, wannan ya ɓata rai. Ta ce, "Oumou, wacce ce ke a yau?" Na ce sanyi nake ji. Ta ce sanyi ba ya cikin takardar. Na ce to takardar ce ba ta cika ba.

Akwai kalmar da suke so in kira kaina da ita. Kowa yana faɗinta cikin sauƙi, kamar yana faɗin unguwarsu. Na san fassararta. 'Yar ƙwaya. A Damagaram na san 'yan ƙwaya: samarin bayan tasha, masu jajayen idanu, waɗanda Inna ke cewa mu tsallaka titi in mun gan su. Ni ina salla. Ni na biya wa Inna kujerar Makka da waɗannan hannuwan. Ba zan faɗa ba.

Laraba, 14 ga Maris, bayan azahar

Ƙafafuna ba sa tsayawa wuri ɗaya. Hamma, gumi, hanci na zuba. Sun ce ya kamata a ce ya ragu yanzu. Bayan kuwa yana nan kamar an kafa mini ƙusa. Abin da suka ba ni: maganin ciwon kai irin na kowa, da takardar motsa jiki mai hoton wata siririyar mata tana lanƙwasa.

Baban Yasmina ya yi wa bangon kicin fenti tun ina asibiti. Bai dace da sauran ba. Wurin ya fi ko'ina fari, daga saman murhu har rufi, sai ya zama nan ido ke fara sauka. Labulen ma sabo ne. Kaskon ban gan shi ba, ban kuma tambaya ba.

Ba na girki. Shi ke sayo abinci in ya tashi aiki, ko Hajiya ta aiko da miya a roba. Mu ci, talabijin na magana, mu ba ma yi.

Lahadi, 18 ga Maris, ƙarfe shida

Mata huɗu sun zo dubiya. Hajiya ta gaya wa kowa ciwon baya ne ya tsananta, ina zuwa gashin ƙashi sau uku a sati, shi ya sa ta ɗauki yarinyar in huta. Da ni aka shirya ƙaryar, amma yau da na ji ta a bakin wasu sai ta yi mini ɗaci.

Ɗaya ta kawo man habbatus sauda. Ɗaya ta ce ita dai tana ganin iska ce, don an ce an same ni kwance ban san inda nake ba, kuma akwai malami a High Point da ke aiki a kan irin wannan. Na ce Allah ya saka. Sai ƙaramarsu ta ce, "Yaya hannun Yasmina? An ce mai ne."

Na ce, "Tsautsayi."

Duka suka ce, "Tsautsayi, Allah ya kiyaye gaba." Suka sha lemo. Ban san nawa suka sani ba. Ina ta duban fuskokinsu ina neman alamar ko Jimmai ta yi magana.

Alhamis, 22 ga Maris, ƙarfe uku

Yau ranar iyali ce, kowa ya zo da nasa. Baban Yasmina ya nemi izini a wurin aiki ya zo. Ya zauna kusa da ni, hularsa a gwiwa. Mijin Peggy ya yi magana har minti goma. Da aka zo kan nawa, Mis Darlene ta ce, "Mista Nouhou, yaya abin nan ya taɓa ka?"

Ya ce, "Matata mutuniyar kirki ce."

Ta jira. Ya ce, "Shi ke nan."

A mota na ce, "Abin da za ka faɗa ke nan?" Ya ce, "Me kike so in faɗa a gaban mutane?" Na ce, "To faɗa yanzu, ba mutane." Ya kunna rediyo.

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Wannan shirun ba shi da mariƙi.

Asabar, 24 ga Maris, da yamma

Bayan awa biyun, Hajiya ta ce in raka ta shagon kayan Afirka ta sayi kuka da daddawa. Muna shiga sai ga Jimmai a gaban firiji tana zaɓen kifi. Hajiya ba ta ganin baƙar mace ta wuce ba ta gaisa ba.

Jimmai ta ɗago, ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta ce da Turanci a ba ta hanya, ta wuce da kwandonta. Ko gira ba ta ɗaga ba.

Na yi hamdala. Sai kuma a mota na ji wani abu kamar haushi. Mutumin da ya fi kowa sanin halin da nake ciki a garin nan ya wuce ni kamar katako. Ban san me nake so ba.

Talata, 27 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai shagonmu ta kira, ta ce in ina iyawa in riƙa zuwa rabin yini ranar Juma'a, masu kitsona suna tambaya. Na ɗauko jakar aiki in gyara. Mataji, tsinke, almakashi, man kitso. A cikin gwangwanin ƙananan robobin ɗaure gashi, can ƙasa, na sami sauran maganin naɗe a takarda.

Baban Yasmina ya bincike gidan nan kaf, har cikin buhun shinkafa. Nan ne bai duba ba. Ni kaina na manta.

Ban taɓa ba. Na mayar, na rufe.

Laraba, 28 ga Maris, ƙarfe biyu

Labari mai daɗi. Gwajina duka fes. Matar ofishin yara ta ce in aka ci gaba haka, ranar 14 ga Afrilu Yasmina za ta zo ta kwana ɗaya a gida. Na wanke zanin gadonta ko da yake ba datti.

Mis Darlene ta tambayi kowa ko akwai abin da ya rage a gidansa. Na ce babu.

Alhamis, 29 ga Maris, da rana

Suna nan. Huɗu. Dubawa kawai na yi.

Asabar, 31 ga Maris, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau Yasmina ta ɗan sake. Ta nuna mini littafin da take karantawa, har ta jingina da kafaɗata. Hajiya ta shiga ɗaki yin sallar la'asar, ta bar mu. Na ga yarinyar tana tari, na ce bari in dafa mata ruwan citta da zuma. Na shiga kicin, na ɗora buta, na murɗa murhu. Ruwa ne kawai.

Na juya na gan ta a bakin ƙofa. Ta ƙame. Idonta ba a kaina yake ba, a kan murhun yake. Sai ta juya da gudu, na ji muryarta a ɗakin: "Tanti, Tanti, Mama ta kunna wuta."

Hajiya ta fito da hijabinta, ko addu'a ba ta shafa ba. Ta wuce ni, ta kashe murhun, ta ce, "Oumou, je ki zauna, ni zan dafa." A hankali ta faɗa. Na so a ce ta ɗaga murya.

Na zauna. Yasmina ba ta dawo kusa da ni ba har muka tafi.

Lahadi, 1 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Huɗu.

Lahadi, bayan la'asar

Biyu. Bayana ya daina ciwo. Komai ya daina.

Litinin, 2 ga Afrilu, ƙarfe uku

Ba kullum ake gwaji ba, ba a kuma faɗa maka ranar. Duk hanya a bas ina roƙon kada ya zama yau. Ina shiga na ga sunana a allo.

Muka shiga, Jimmai ta rufe ƙofa, ta miƙo roba. Ban karɓa ba. Na ce, "Anti Jimmai." Ban taɓa kiranta haka ba. Ta cire tabarau.

Na ce, "Don girman Allah, ki rubuta cewa na kasa yi yau. A bar shi sai Alhamis. Kwana uku kawai."

Ta ce, "Yaushe kika sha?"

Na ce, "Jiya. Sau ɗaya ne. 'Yata za ta zo gida ranar sha huɗu. Ke ma uwa ce. Yarenmu ɗaya, a ƙasar nan wa muke da shi in ba juna ba?"

Har na ɗauka ta yarda. Sai ta ce, "Ba zan yi ba, 'yar'uwa."

Na gaya mata maganganu. Ba zan rubuta su ba. Akwai wadda ta taɓa addininta, ita ce ta fi damuna yanzu. Ta tsaya ta ji duka. Da na gama ta ce, "Ga abin da zan iya. Zan je in sha ruwa, minti goma. Ofishin Darlene yana ƙarshen baranda. Ki je ki gaya mata da bakinki kafin roba ta gaya mata. Ba ɗaya ba ne a wurinsu. In na dawo, za mu yi gwajin, ko kin je ko ba ki je ba."

Ta fita. Na zauna a kan murfin masai ina kallon agogon hannuna. Minti bakwai na yi a wurin. Na yi tunanin ƙofar baya, da bas, da jirgin Yamai.

Na je. Mis Darlene ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Saura nawa?" Na ce biyu. Ta ce, "Suna ina?" Na buɗe jakata na ajiye mata a tebur. Ban ma san na taho da su ba. Ƙarya nake, na sani.

Talata, 3 ga Afrilu

Ba na son rubutu.

Laraba, 4 ga Afrilu, bayan magariba

An ƙara mini sati huɗu. Maganar ranar sha huɗu ta tashi. Matar ofishin yara ta ce da yake ni na faɗa da kaina, ba za a hana ni Asabar ba. Wai in gode.

Na gaya wa Baban Yasmina da ya dawo aiki, ko takalmi bai cire ba. Ya zauna a hannun kujera. Na jira ya kunna talabijin. Bai kunna ba.

Ya ce, "Ni na kankare bangon nan, Oumou. Kwana biyu ina yi. A ƙasa, wajen firiji, akwai sawun hannunta, inda ta dafa."

Na ce ya yi shiru. Ya ce, "Ba kin ce in yi magana ba?"

Sai ya ci gaba. Ya ce tun bara ya sani. Ya ga kwalabe masu sunayen lokotoro uku daban-daban. Ya sha dawowa ya tarar da ni ina barci da rana tsaka, ya ce wa kansa gajiya ce. Sau biyu ya ɗauki waya zai gaya wa Hajiya, ya ajiye, don kada a ji. Ya ce, "Da na yi magana tun lokacin, da hannun yarinyar nan lafiya lau. In na dube ki, kaina nake gani. Shi ya sa ba na duban ki."

Na ɗauka in ya yi magana zan ji sauƙi. Ban ji ba. Haushi na ji. Shekara guda yana kallo. Sai kuma na tuna shekara gudan nan ni me nake yi.

Ya tashi ya ɗumama shinkafa. Muka ci.

Alhamis, 5 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Na yi magana a aji. Ba wanda ya tilasta ni. Na gaya musu lokotoro na farko ya daina rubuta mini tun shekara biyu da suka wuce, na koma wani, na koma wani, daga baya wata mai zuwa kitso ce take kawo mini a jakarta. Na gaya musu ranar Alhamis ɗin nan, daga dawowar Yasmina daga lakwal, da ta ce dankali take so, har zuwa inda na farka na ga 'yan kwana-kwana masu manyan takalma a falona.

Da Turanci na faɗa. Da Turanci kamar labarin wata ce. Da Hausa ban iya ba tukuna.

Peggy ta miƙo mini hankici. Ban yi kuka ba, na dai karɓa don kada ta ji kunya. Kalmar nan tasu kuwa har yanzu ban faɗe ta ba. Mis Darlene ta ce ba kalmar ce ta dame ta ba.

Asabar, 7 ga Afrilu, da rana

Sanyi ya dawo kamar Janairu, furannin ƙofar gida duk sun ƙone. Hajiya ta kira da safe ta ce kada in zo yau, Yasmina na mura. Wataƙila gaskiya ne.

Ta ce, "Nouhou ya gaya mini. Yanzu me zan ce wa mutane, gashin ƙashi wata uku?"

Na ce, "Hajiya, ki ce musu abin da kika ga dama."

Ta ce, "Ke ba ki damu ba, ni ke shiga cikinsu." Sannan ta ce, "Yarinyar nan ba ta barci sai da fitila. Kullum sai ta tambaye ni ko kina fushi da ita. Na ce mata a'a, ba ta yarda ba. Ni na rasa gane kanta."

Fushi da ita? Ni?

Litinin, 9 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya

Sunana a allo kuma. Sati guda ban gaida Jimmai ba. Ta rufe ƙofa ta ce, "Har yanzu fushi kike da ni."

Na ce, "Awo."

Ta ce, "To, yi fushinki. Ga roba."

Da muka gama, ina wanke hannu, na ce ba tare da na dube ta ba, "Maganar da na yi a kan addininki, ban kyauta ba." Ta ce, "Na ji wadda ta fi ta a ɗakin nan. Amma da Hausa, ke ce ta farko. Ta fi zafi." Ta liƙa takarda a jikin robar, ta ce in sa hannu.

Asabar, 14 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi

Yau ce da Yasmina za ta kwana a gida.

Rana ta fito, Hajiya ta ce mu zauna a bayan gida, ita tana ganinmu ta tagar kicin. Akwai benci a wurin, yana kallon gonar maƙwabci. An cire bandejin, yanzu wata matsattsiyar safar hannu take sawa. Ta cusa hannun a aljihun riga.

Na ce, "Yasmina, Tanti ta ce kina tambaya ko ina fushi da ke."

Tana ta haƙa ƙasa da takalmi. Can sai ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Da Hausa. Rabon da in ji Hausa a bakinta na manta.

Na ce, "Haƙurin me?"

Sauran da Turanci ta faɗa, da sauri, kanta a ƙasa. Ta ce ta girgiza ni ban tashi ba. Ta ja mini ƙafa. Ta ɗebo ruwa a kofi ta zuba mini a fuska. Hayaƙi ya cika ko'ina, abin nan na rufi yana ta ƙara. Ta ce ta so ta kai kaskon wurin famfo ne kawai, bai yi kama da mai nauyi ba. Bayan nan ta ɗauki waya da hagu.

Ta ce, "Ni na kira su. Malamarmu ta ce in babba ya ƙi tashi a kira. Da ban kira ba, da ba su zo ba, da ba su raba mu ba. Ni na sa aka kai ki wurin nan."

Wata biyu. Wata biyu tana ɗauke da wannan, ni ina can ina faɗa da takardar fuskoki.

Na sauka daga benci na durƙusa a gabanta, bayana yana ihu. Na ce, "Dube ni." Ta ɗago. Na ce, "Ba barci nake ba ranar nan. Magani na sha, wanda bai kamata in sha ba, na sha da yawa. Na daɗe ina sha ina ɓoyewa. Ni na ɗora man, ni na kwanta. Ke ba ki yi laifin komai ba. Da ba ki kira ba, da babu ni, wataƙila da babu ke."

Ta ce, "Kin daina?"

Na so in ce e. Bakina har ya buɗe. Na ce, "Yau kwana sha uku ban sha ba. Ina zuwa wurin da ake taimaka mini. Ina ƙoƙari."

Ta ce, "Sha uku ba yawa."

Na ce, "Ba yawa."

Sai na ce, "Ina so ki yi mini alkawari. In kin dawo gida, in wata rana kika tashe ni na ƙi tashi, kada ki taɓa komai a kicin. Ki fita waje ki kira su."

Ta ce, "Ko za su sake ɗauke ni?"

Na ce, "Ko za su sake."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zaro hannun daga aljihu, mai safar, ta ɗora a tafina. Ba nauyi, kamar ɗan tsuntsu. Ta ce, "Na yi alkawari."

Hajiya ta ƙwanƙwasa gilashin taga. Awa biyu ta cika.

Lahadi, 15 ga Afrilu, da hantsi

Na sa 'yar shekara bakwai ta yi mini alkawarin za ta kira mini hukuma. Tun jiya nake juya abin, na rasa wanda zan ji wa haushi, kuma haushin bai tafi ba.

Saura sati shida. Bayana yana ciwo. Gobe ƙarfe tara.